Daren da Na Kwana a Hawan Mambila

Na tashi daga Jalingo da hantsi a cikin watan Agusta, da niyyar in kwana a Gembu, babban garin da ke kan tsaunin Mambila. Mun wuce Garba Chede da Bali, muka yi sallar azahar a Serti, kuma komai ya tafi daidai har zuwa Mayo Selbe, inda titi yake barin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya fara nannaɗe jikin dutse. A nan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba mu yi nisa da hawa ba motarmu ta fara tururi, sannan ta mutu a kan wata kwana, ga dutse ta gefe guda, ga kwazazzabo ta ɗaya gefen. Yaron mota ya dira da sauri ya tokare tayoyin baya da duwatsu, direba kuwa ya leƙa injin ya ce gyara sai gobe.

Mafi yawan fasinjoji sun zaɓi su kwana a cikin mota. Ni ma da farko raina ya ɓaci, domin rigata ta jiƙe kuma irin wannan sanyi ban taɓa jin sa a damina ba. Amma da wani dattijo Bafulatani da ya biyo hanyar ya ce mini, "Ɗana, taso mu je ka ji ɗumi," sai na ga cewa abin da ya fito da ni daga gida ke nan, wato in ga yadda mutanen wannan tsauni suke rayuwa. Na ce, "To, Baba," na bi shi cikin santsi da duhu.

Ɗakin ƙarami ne, hayaƙi ya cika shi har idanuna suna ƙwalla. Aka kawo mini tuwon masara da kindirmo mai kauri a ƙwarya, muka yi hira da Hausarsa kaɗan da Fulatancina da bai wuce gaisuwa ba. Ya yi mini bayanin yadda shanu suke ƙiba a bisa, inda ciyawa take daɗewa kore kuma ƙudan tsando bai dame su ba. Barci dai ban samu sosai ba, saboda sanyin da yake ratso tabarma.

Da asuba na fito alwala, sai na tarar da gajimare yana kwance a ƙarƙashina, ya rufe kwarin da muka baro jiya. Na daɗe a tsaye da buta a hannu.

Wajen hantsi aka gyara motar, muka haura Maisamari, a kan tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600. Daga baya na ga Nguroje da gonakin shayi na Kakara, na kuma kwana uku a Gembu. A hanyar dawowa na roƙi direba ya tsaya a wannan kwanar, na hau da ƙafa na kai wa dattijon goro da sukari.