Akwatin Kakana da Gara Ta Cinye

Kakana bai taɓa shiga jirgin ƙasa a Sakkwato ba, domin dogo bai iso mana ba har yau. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau, a Ƙaura Namoda ya tsaya tun 1929. A kan wannan layin ya ƙare ƙarfinsa bayan ya dawo daga yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu, yana cikin masu duba dogo da ƙafa, guduma a kafaɗa, taragun gyaɗa da auduga suna wuce shi. Da ya yi ritaya ya dawo gida Mabera da akwatin ƙarfe guda da usur.

Ni ne jikan da ake aika wa da furarsa. In na ajiye ƙwarya sai ya ce, "Zamna in hwaɗa maka wani abu." Ni kuwa, da yake akwai wasan jika da kaka, sai in ƙame in sara masa, in ce, "Tsoho, ai Hitila ya mutu, a bar mu mu huta." Ya yi dariya ya ce, "Wanga yaro, mi kas sani?" In fice wajen ƙwallo.

Ɗan abin da ya shiga kunnena, da ƙyar ya shiga. Na san an kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya. Na san a dajin Bama da ka suke ɗaukar kaya saboda mota ba ta shiga, abinci kuma jirgin sama ke jefo musu da laima. Akwai wasu baƙaƙen tabo a ƙwaurinsa da ya ce na matsattsaku ne, masu maƙale wa mutum cikin ruwan damina ba ya ji sai ya ga jini a takalmi. Da na girma na samu waya mai ɗaukar murya, na yi ta cewa sai an yi hutu, sai bayan Sallah. Hutun da na zo da niyyar, zaman makoki na tarar. Allah Ya jiƙansa.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, domin babu wanda zan ɗora wa. Akwatin nan ni aka damƙa wa, na tura shi ƙarƙashin gado a ɗakin da ke yoyo. Bayan damina uku na buɗe, gara ta mayar da littafin sallamarsa daga soja da takardun reluwe gari. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙin Bama, ta 81 da ta 82, ta farko ta isa Indiya a 1943, ta biyu a 1944. Wadda ya kasance ciki da lambarsa ta soja duk suna cikin littafin nan. Da kakata ta buƙaci takarda don bin haƙƙinsa, ni na tsaya gabanta ina sosa ƙeya.

To ku da tsofaffinku ke raye, ku ji. 'Yan mazan jiya na Bama sun kusa ƙarewa, amma waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 suna nan a zaurukanmu, haka waɗanda suka je Laberiya a 1990. Kada ku ce wa tsoho "ba ni labarin yaƙi", zai ce muku ba komai. Ku tambaye shi me suka riƙa ci, wa ke kwana kusa da shi, nawa ne albashinsa na farko, a wace tasha aka haifi babanku. Ƙaramar tambaya ita ke kwance bakin jaka. In ya zo wani wuri ya yi shiru, ku bar shi, akwai abin da sai Allah. In ya rikita shekara, kada ku zaro waya ku gyara masa, ba jarrabawa yake ba.

Takardu kuwa, yau ɗin nan ku ɗauki hotonsu, gaba da baya, ku tura wa 'yan'uwa biyu ko uku. Ku sa na asalin a leda, a sama, nesa da bango. Kuma ku zauna da matan. Kakata ce daga baya ta gaya mini ba ya iya barci in ruwa na dukan kwano da dare, sai ya tashi ya zauna har asuba yana jan carbi. Shekara da shekaru muna gida ɗaya ban lura ba.

Usur ɗin dai gara ba ta iya shi ba. Ranar 15 ga Janairu da ta wuce, ana nuna faretin tunawa da 'yan mazan jiya a talabijin, ɗana ya ɗauko shi yana busawa, ya ce, "Baba, na soja ne ko na jirgi?" Na ce ya je ya wanke hannu, an zuba tuwo.