Yadda HHA ke ƙirga makin ɗaki a Animal Crossing: lissafi ne, ba ido ba

Duk mai buga Animal Crossing: New Horizons, wasan Nintendo Switch da mutum ke gina gida a tsibirinsa, ya san wasiƙar nan da ke shigowa akwatin ƙofar gida kowace Lahadi. Happy Home Academy ce ke aiko ta, wadda 'yan wasa ke taƙaitawa da HHA, kuma a ciki za ta faɗa maka makin gidanka da matsayin da ka samu, ko B, ko A, ko S. Tun da Nintendo ta fitar da wasan a ranar 20 ga Maris 2020 ƙorafin bai canza ba: mutum zai kwana yana gyaran falo, ya fito tsaf, Lahadi ta zo a ba shi B. Wani kuma ya cusa kaya kamar sito, a ba shi S.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. HHA ba ta ganin kyau. Kowane kaya a wasan yana da bayanai a ɓoye: makinsa na asali, dangin da ya fito, launinsa guda ɗaya ko biyu, irin ɗakin da ya dace da shi, da ko yana cikin kayan sa'a. Waɗannan bayanan ake tarawa, ɗaki bayan ɗaki. Wanda ya taɓa tsayawa wurin jeren amarya a Tudun Wada ko cikin birnin Zariya zai gane tsarin nan take, domin 'yan jere ba sa tambayar ko amarya na son kwanon nan. Abin da suke dubawa shi ne ko saitin ya cika, ko labule ya shiga da zanin gado, ko an bar gurbi a kabet. HHA ma haka take, sai dai ita ba ta da baki, lamba kawai take rubutawa.

A fara da girman gida, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Matsayin S ba shi da lamba ɗaya tilo. Yana hawa ne tare da gidan. Duk lokacin da ka je wurin Tom Nook, mai kula da ginin gidaje a wasan, ka ƙara ɗaki, makin da ake nema ya ƙaru, ɗakin kuma ya zo fanko. Shi ya sa wanda ke S a makon jiya zai iya faɗowa A bayan ya faɗaɗa gida, alhali bai taɓa komai ba. Bashin ginin yana tafiya ne kamar haka da kuɗin wasan, wato Bells: 98,000 na gidan farko, 198,000 na faɗaɗa falo, 348,000 na ɗakin baya, 548,000 na ɗakin hagu, 758,000 na ɗakin dama, 1,248,000 na bene, sai 2,498,000 na ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Jimilla 5,696,000. Idan gidan ya kammala da ɗakuna shida, maki 90,000 ake nema kafin a ba ka S. Kyaututtuka kuma hanyarsu daban: kofin tagulla a 70,000, na azurfa a 100,000, na zinariya a 150,000. Shawarar da ta fi ita ce ka tara kayan sabon ɗaki a ma'aji kafin ka ce a gina shi. Amma ka sani, abin da ke cikin ma'aji ba ya kawo ko maki ɗaya sai an fito da shi an girke.

Maki mafi sauƙin samu shi ne na yawan kaya. Ɗaki na samun 1,000 idan kayansa sun kai 6, wani 1,000 a 10, wani a 15, wani a 20. Wato 4,000 a kowane ɗaki, ba tare da ka yi wata dabara ba. Kayan bango kuma 400 kowanne, amma uku kawai ake ƙirgawa, don haka agogo, hoto da fitilar bango sun isa su ba ka 1,200. Matsalar ita ce ɗakunan baya, hagu da dama ƙanana ne, taku shida ne a tsawo da faɗi, kuma gado babba kaɗai zai cinye gurbi huɗu. Mafita ita ce a hau sama: a ɗora kofi, littafi ko fitila a kan teburi da durowa, a cika bango, kuma tun sabuntawar 2.0 ta Nuwamba 2021 ana iya rataye fitilu da tukwanen fure a silin. Ko kifin da ka kamo, idan ka girke shi a tankinsa, ya zama kayan ɗaki.

Inda maki ke da nauyi sosai shi ne dangi da launi, kuma a nan ya kamata mutum ya zauna ya yi lissafi.

Dangi shi ne rukunin kaya masu suna ɗaya da ƙira ɗaya, kamar Ironwood, Imperial, Antique, Rattan, Cute ko Diner. Idan ka haɗa huɗu ko fiye na dangi ɗaya a ɗaki ɗaya, kowanne zai kawo 1,000. Uku ba sa kawo komai ta wannan fuskar. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba dangi: gadon Imperial a bene, durowarsa a falo, teburinsa a ɗakin baya, saboda "kowane ɗaki ya samu rabonsa". Wannan asara ce tsagwaronta. A tattara su wuri guda, kuma a nemi kaya mabambanta, kada a dogara da jera kujera iri ɗaya sau huɗu.

Ironwood ne dangin da sababbi suka fi fara nema, saboda da hannu ake ƙera shi, kuma shi ne ya fi ba mutane ciwon kai. Kujera na cin katako 3 da ƙarfe 2. Durowa katako 7 da ƙarfe 4. Gado katako 20 da ƙarfe 10. Kantar kicin kuwa tana cin katako 4 da ƙarfe 3, sannan ta haɗiye durowa guda sukutum da allon yanka, shi kuma allon yana buƙatar katako mai tauri 2 da ƙarfe 1. Don haka wanda ke son waɗannan huɗun su tsaya a ɗaki sai ya ƙera durowa biyu, ya tanadi katako 41, ƙarfe 24 da katako mai tauri 2. Abin haushin shi ne takardar koyon ƙera kantar tana zuwa a cikin kunshin da ake sayarwa a shagon Nook's Cranny, amma ta durowa da ta allon yanka ba sa ciki. Sai ka yi ta duba kwalbar da teku ke kawowa bakin gaɓa kullum, kana leƙa gidajen maƙwabta lokacin da suke ƙira, har Allah ya sa ka dace. Ƙarfen kuma daga duwatsu yake fitowa. Dutse ɗaya na iya ba da abu har 8 a rana idan ka yi ta bugunsa ba tsayawa, amma kowane bugu yana tura ka baya. Ka haƙa ramuka biyu a bayanka kafin ka fara, su tokare ka. Kada ka ci 'ya'yan itace kafin nan, domin dutsen zai farfashe a bugun farko.

Akwai kuma saiti, wanda ya bambanta da dangi. Saiti ƙaramin rukuni ne da dole ya cika kafin ya biya, kamar 'yan tsanar beyar nan uku, uba, uwa da ɗa. In ɗaya ya ɓace, sauran ba su da wani ƙarin maki. Haka nan HHA na saka wa ɗakin da yawancin kayansa ke magana ɗaya, kicin ya zama kicin, banɗaki ya zama banɗaki. Firji kusa da bahon wanka na rage wannan damar.

Launi shi ne wurin da ake samun riba mai yawa kuma ake yin asara mai yawa. Sai ɗaki ya kai kaya 8 kafin a fara duba shi. Idan kashi 70 cikin ɗari na kayan launinsu ɗaya ne, kowanne na kawo 200. Idan suka kai kashi 90, sai ya koma 600. Dubi tazarar: a ɗaki mai kaya 20, guda 14 masu launi ɗaya za su ba ka 2,800, amma guda 18 za su ba ka 10,800. Kaya huɗu kacal suka jawo bambancin 8,000. Tarkon da ke nan shi ne launin da idonka ke gani ba lallai ya zama shi aka rubuta wa kayan ba. Abin da kake kira ja yana iya zama ruwan lemo ko ruwan hoda a lissafinsu, farin katako kuma yana iya faɗawa ruwan ƙasa mai haske. Idan ka cika ɗaki da launi ɗaya amma makin bai motsa ba, kada ka rushe komai. Ka cire abu ɗaya ko biyu da kake zargi, ka sa waɗanda launinsu ba shi da tantama, ka jira Lahadi. Kayan da aka ƙera da hannu ana canza musu launi da kayan gyaran da ake sayarwa Bells 600 kowanne, na shago kuma, waɗanda da ba sa canzuwa, yanzu Cyrus, mai gyaran kaya a wasan, na yi musu fenti a tsibirin Harv, wani tsibiri daban da ake zuwa ta jirgi.

Sai feng shui, wata al'adar Sinawa ta tsara ɗaki da wasan ya aro. Ja a gabas, rawaya a yamma, kore a kudu, kowane launi 500. A tsofaffin wasannin jerin yana ƙara wa ɗan wasa sa'a, amma a New Horizons makin HHA kaɗai yake taɓawa. Bahaushe dai ba a koya masa gabas, sai dai gabas ɗin wasan ba alƙiblar ɗakinka ba ce: hannun dama na allo ne, yadda kyamara ke tsaye lokacin da ka shigo. In ka jujjuya kyamara kana cikin ado, ka mayar da ita daidai kafin ka ajiye jan abu, kuma ka matsar da shi jikin bango, ba tsakiyar ɗaki ba.

A nan wata matsala ke tasowa. Feng shui na son launi uku, makin launi na son ɗaya. Wanda ya watsa ja, rawaya da kore ko'ina don neman 1,500 zai iya zubar da 10,800. Hanyar da ta fi ita ce ka zaɓi ɗaya daga cikin ukun ya zama launin ɗakin gaba ɗaya. Misali ja: kaya 18 jajaye, wasu daga ciki a jikin bangon gabas, sannan rawaya guda ɗaya a yamma, kore guda ɗaya a kudu. Ka tsaya a kashi 90 daidai. Idan 8 daga cikin jajayen dangin Imperial ne, lissafin ɗakin zai zama 8,000 na dangi, 10,800 na launi, 4,000 na yawa, 1,200 na bango, 1,500 na feng shui. Jimilla 25,500, tun ba a ƙara makin asali na kowane kaya ba. Ɗakuna shida irin wannan sun haye layin kofin zinariya. Tunda kashi 90 daidai bakin rami ne, ƙara jan abu ɗaya ko biyu a kai ya fi kwanciyar hankali.

Kayan sa'a, irin kyanwar nan mai ɗaga hannu da Gulliver, tsuntsun da teku ke yarwa bakin gaɓa, ke aikowa, suna kawo 777 kowanne, amma sau ɗaya ake ƙirga kowane iri, don haka tara kyanwa biyar ɓata wuri ne. Kayan da suka dace da lokacin shekara ma suna da ɗan ƙari. Wanda ya zaɓi arewacin duniya lokacin buɗe tsibiri, kamar yadda Najeriya take, zai ga ƙanƙara ta rufe ƙasa daidai lokacin da hunturu ke kaɗawa a Samaru, kuma a lokacin ne kayan ƙanƙara ke biya. Gida kuma ya kasance yana da kujera, teburi, gado da wardirof, ko da ba a ɗaki ɗaya ba.

Abubuwan da ke rage maki kaɗan ne amma suna da saurin faruwa. Durowa, talabijin ko kujerar da ta juya wa ɗaki baya ta fuskanci bango tana cin 300, kuma wannan na yawan faruwa idan ana jan kaya da hannu maimakon a danna ƙasa a maɓallan hagu a shiga yanayin ado, inda ake ganin komai daga sama. Kayan da aka yar a ƙasa maimakon a girke su ba sa kawo makin kayan ɗaki. Shara irin gwangwani, taya da tsohon takalmin da ake kamowa a ruwa tana jawo ragi. Mafi muni su ne kyankyasai, waɗanda ke cika gida idan aka yi wata guda ba a buɗe wasan ba. Ɗalibin da ya ajiye na'urarsa saboda jarabawa zai dawo ya same su. A bi su ɗaki-ɗaki a tattake kafin Lahadi. Ranar wasan tana juyawa ne da ƙarfe 5 na asuba, don haka duk gyaran da za a yi a gama shi daren Asabar, a kuma caja na'urar tun akwai wuta.

Haɗa dangi kai kaɗai yana cin watanni, saboda shagon tsibirinka launi ɗaya yake kawowa na kowane kaya. Musaya ta intanet na buƙatar biyan Nintendo Switch Online, amma mutanen da ke kusa da juna, kamar 'yan hostel ɗaya a Kongo ko Samaru, za su iya haɗa na'urori kai tsaye har mutum 8 ba tare da data ba. Ba sai an ba ka kayan kyauta ba: ka ɗauka ya shiga aljihunka, ka mayar wa mai shi, sunansa ya shiga kundin odarka, daga nan ka riƙa yin oda guda 5 a rana. Kayan ƙirar hannu ba sa shiga wannan, su sai takardar koyo ko a ƙera maka.

Kada a haɗa wannan da taurarin tsibiri da Isabelle, ma'aikaciyar ofishin tsibiri, ke bayarwa, wannan na waje ne, ko da Happy Home Paradise, ƙarin wasan da ake saya daban, inda ake biyan ka da kuɗin can, wato Poki, don ka yi wa wasu ado kuma babu wasiƙar maki. A ganina ɗaki ja zur mai kaya ashirin ba wurin zama ba ne, kuma ba dole falo ya sha wannan wahalar ba. Bene da ɗakin ƙarƙashin ƙasa sun fi faɗi, baƙi ma ba su cika shiga ba, don haka su ne suka fi dacewa a loda musu dangi da launi. Ɗakuna huɗu masu kusan 25,000 sun riga sun wuce 90,000, falo kuma a bar shi yadda mai gida ke so, da darduma da zanen dagi a bango idan ya ga dama.