Godiya ga waɗanda suka riƙe ni har na kai ga digiri

Alhamdulillahi. Jiya aka kira sunana a zauren jami'a, na hau na karɓi takardar digirina na farko a fannin injiniyan lantarki. Mai kiran sunan ya karya shi gida biyu, har sai da na ɗan tsaya in tabbatar ni ake nufi, amma wallahi sunan bai taɓa yi mini daɗi kamar jiya ba. Tun daren jiya saƙonni ke ta shigowa. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan.

Shekara 9 ke nan da rikici ya raba ni da gida, na sauka Turai da jaka ɗaya. Takardun makarantata, na sakandare da na shekara biyun da na yi a jami'a, duk sun salwanta a hanya. Ofishin da na shiga duk, tambaya ɗaya ce: ina shaida? Lissafin yana nan a kaina, amma a wurinsu kamar ban taɓa zama a aji ba. Wannan ya fi sanyi da kaɗaici ci mini rai.

Don haka godiyata ta farko, bayan Allah, ga wata baiwar Allah ce mai taimaka wa baƙi kyauta. Ita ta fara gaya mini akwai Yarjejeniyar Lisbon ta 1997, wadda sashe na 7 nata ya nemi ƙasashen da suka amince da ita su samo hanyar tantance karatun ɗan gudun hijira ko da ba shi da takarda. Ta buga mini shafin, ta ja layi da jan biro, ta ce in ninke in riƙa yawo da shi. Har yau yana cikin walat ɗina, ya yi laushi kamar tsumma. Da shi na samu aka zaunar da ni gaban malamai biyu suka yi mini tambayoyi. Sun amince da matakin sakandare, shekara biyun jami'a kuwa suka ce ba za a ƙirga ba. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, kuma har gobe ina ganin ba a kyauta mini ba. Haka na koma farko.

Sai harshe. Matakansa shida ne, daga A1 zuwa C2, jami'ar kuma C1 take nema. Ni da nake taƙama ina hira da direban bas, na shiga jarrabawa na faɗi warwas. Ashe harshen titi daban, na takarda daban. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, shi ya ɗauke ni kamar jikansa. Duk Asabar muna ɗakin karatu, yana gyara mini rubutu har shafi ya cika da ja. Baba, ba ku jin Hausa, amma zan karanta muku wannan in fassara.

Digirin maki 180 ne, 60 a shekara, kowane maki ɗaya kuma aikin awa 25 zuwa 30 ne. Lissafin mai barci da dare ke nan. Ni kuwa ina aikin dare a sito, ina jidar kwalaye daga ƙarfe goma zuwa shida na safe, ƙarfe takwas ina aji. Sau nawa na farka a tashar ƙarshe, littafi a cinya, jirgi ya wuce da ni! Abin shekara uku ya ɗauke ni biyar. Abokin aikina da ke karɓe mini dare duk lokacin jarrabawa, bai taɓa goranta mini ba: ɗan'uwa, Allah ya biya ka. Haka abokan ajina da ke turo mini abin da aka koyar ranar da nake layin sabunta takardar zama.

Ina tuna waɗanda muka zauna tare a masaukin baƙi. Akwai waɗanda suka fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, ba su dai gamu da mai jan biro ba. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana burin kashi 15 cikin 100 na matasan 'yan gudun hijira su kai ga manyan makarantu nan da 2030. Ku duba ƙanƙantar burin kansa, sai ku gane inda ake.

Yaya, kai ka ɗauki nauyin gida a watannin da na kasa aiko da komai, ka kuma rufa mini asiri wurin Inna. Na gode, na gode.

Inna, duk kiran waya ba ku da wata tambaya sai "karatun fa?" Sau biyu na ce muku lafiya lau alhali na faɗi jarrabawa. Ku yafe mini.

Mahaifina ya rasu ina shekara ta biyu, ban samu damar zuwa ba. Shi ya fara koya mini haɗa waya da batir ina ƙaramin yaro. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.