Asabar a Borrowdale: ruwa, iska da tumaki

Ina rubuta wannan ne a falon masauki, ƙafafuna kusa da hita. Jiya da dare muka iso daga Manchester a ƙaramar bas ta ƙungiyarmu ta masu hawan duwatsu, muka bi ta Keswick muka gangaro kwarin Borrowdale, a arewa maso yammacin Ingila, cikin duhu. Da ruwa muka kwana, da shi muka wayi gari.

Niyyarmu ta yau hawan dutsen Great Gable ne, mai tsayin mita 899. Daga Seathwaite muka kama hanya, wasu 'yan gidajen gona a ƙarshen titi, inda aka ce babu wurin da mutane ke zaune a Ingila da ya kai shi samun ruwan sama: wajen milimita 3,500 a shekara, ninki uku na abin da Kano ke samu, ko fiye. A Honister da ke nan kusa ne aka auna milimita 341 cikin awa 24 a Disambar 2015. Da na tsaya a kan tsohuwar gadar dutse ta Stockley, ruwa na tafasa fari fat a ƙarƙashina, sai lissafin ya zauna mini.

Ruwan hunturun nan daban yake. Ba ya zuwa da tsawa ya wuce. Iska ce ke kwaso shi ta gefe ta watsa maka a fuska, ya bi ta wuyan riga, ya bi ta hannu. Shi ya sa shugaban tafiyar, wani dattijo da ya tsufa a kan waɗannan duwatsu, ya duba kayan kowa tun a masauki, ya hana sa rigar auduga a ciki. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta yi ta zuƙe ɗumin jiki.

Muka hau ta gefen Taylorgill, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse da ƙarar da ba ka jin maganar na kusa da kai. Daga nan hazo ya rufe mu. Tafkin Styhead ma sai da muka zo bakinsa muka gan shi. A mashigin Sty Head akwai akwatin masu ceto da ake ajiye gadon ɗaukar wanda ya ji rauni, nan muka raɓe muka sha shayi daga filas. Dattijon ya dubi taswira, ya dubi sama, sannan ya daɗe yana kallon wata ɗaliba da leɓenta ya fara rawa. Ya ce, "Iyakarmu ke nan yau. Mu juya."

Samari biyu suka yi ta gunaguni, wai sun biya kuɗin mota da na kwana. Raina ya ɓaci da su. Iskar da ke ture mu a mashigi, a can ƙololuwa ta fi haka, ga rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Masu ceton yankin nan 'yan sa-kai ne, daga gidajensu da wuraren aikinsu ake kiransu. Ban ga dalilin da za mu fito da bayin Allah cikin daren sanyi don mu ce mun taka wani dutse ba. Yau na ƙara yarda da dattijon nan.

A gangarowa ne na samu abin da ya fi daɗaɗa mini rai. Tumakin Herdwick na ta kiwonsu cikin ruwan, ko a jikinsu: fuska fara, gashi ruwan toka mai kauri, ƙafafu gajeru kakkaura. Wata mata a cikinmu, 'yar manoma, ta ce baƙaƙe ake haifarsu, suna girma suna yin haske. Babu shinge a saman dutsen, babu makiyayi a bayansu, amma kowace tunkiya ta san yankinta ba ta wuce shi, kuma uwa ce ke nuna wa ɗanta. Har in an sayar da gona, da garken ake sayarwa, domin ba za su zauna a wani wuri ba. Ni da na taso ina kora tumakin kakana, na daɗe tsaye ina kallonsu har aka kira ni.

Azahar da la'asar na haɗa su a bayan wata katangar duwatsu, irin wadda ake jerawa ba siminti, na shimfiɗa ledar jakata. Ba wanda ya ƙosa, jira suka yi.

Yanzu ɗakin shanya ya cika da takalma da safa, an cusa wa takalman tsofaffin jaridu su tsotse ruwa. Mun ci miyar ganye da burodi mai zafi. Ɗalibar ta warware, tana ta hira. Gobe in Allah ya kai mu dutsen Castle Crag za mu, mita 290 kacal, kuma yawancin hanyar cikin itatuwa take a bakin kogin Derwent. Sai na roƙi aron safar hannu, tawa ba za ta bushe kafin safiya ba.