Godiya ga duk wanda ya sa hannu a gyaran tsohuwar motar kwana-kwana ta Bukuru

Assalamu alaikum jama'ar Jos da kewaye, sannunmu da sanyi.

A madadina da 'yan uwan da muka haɗa kai kan wannan aiki, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci taron ranar Asabar, inda muka fito da tsohuwar motar kashe gobarar nan bayan an kammala gyaranta. Waɗanda suka zo sun gani da idonsu: ta tashi da makulli ba tare da turi ba, ta ja ruwa, ta watsa shi sama har yaran makaranta suka jiƙe sharkaf suna ihu. Tun ranar ake ta kirana ana yi mini barka, alhali nawa aikin bai wuce rubuta wasiƙu da bin mutane da roƙo ba. Masu aikin na gaskiya yawancinsu dattawa ne da ba sa hawa Facebook, don haka ina roƙon 'ya'yansu da jikokinsu su karanta musu wannan. Sun hana ni ambaton sunayensu, to zan kira kowa da sana'arsa, mutanen gari ai sun san su.

Ga wanda bai san motar ba, Bedford ce ƙirar Ingila, samfurin TJ mai dogon hanci da aka fara ƙerawa a 1958. Manyanmu sun san irinta sarai, domin ta daɗe tana dakon kaya da mutane a hanyoyin ƙasar nan. Injinta na fetur ne, silinda 6, lita 4.9. Sitiyarinta a dama yake, tun na zamanin da ake tuƙi ta hannun hagu, kafin Najeriya ta sauya hannu ranar 2 ga Afrilu 1972. Ta yi aiki a wani kamfanin haƙar kuza a yankin Bukuru, tana tsaron ma'ajiyar mai da gidajen ma'aikata. Iyayen da yawa daga cikinmu a irin waɗannan kamfanoni suka ci abinci. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, abin da ya rage na wannan harka ya ƙarasa durƙushewa, aka yi gwanjon kaya, motar ta faɗa hannun tsohon direbanta.

Shi ne na farko a godiyarmu. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Shekara da shekaru motar na bayan gidansa a kan duwatsu, 'yan gwangwan na zarya da sikelinsu, har a lokacin da gidan ke cikin matsi, bai sayar ba. Da muka je neman izini, sharaɗi ɗaya ya gindaya mana: "Ɗana, ku ɗauka, amma kada ku mayar mini da ita motar tallan ruwa." Mun riƙe alkawari. Muna kuma gode wa iyalansa, musamman Mama, wadda ta fito mana da littafin motar daga ƙasan adaka, a naɗe cikin leda, ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Wannan littafi ya cece mu daga kame-kame fiye da yadda zan iya faɗa.

Direban janwe da ya ɗauko ta zuwa gareji, kuɗin mai kawai ya karɓa. Mun gode.

Sai babban bakanike, wanda a garejin kowa ke kira Baba, har masu furfura. Ranar da aka sauke motar, samari sun riga sun ɗauko batir za su gwada tayar da ita. Ya daka musu tsawa. Ya ce injin da ya shekara ba motsi, fistin ɗinsa ya manne da jikin silinda saboda tsatsa, in aka matsa masa da sitata sai zobba su karye ko sandar fistin ta lanƙwashe. Ya sa aka cire filogogi, aka ɗura man juye da kananzir a kowane rami, aka bar shi ya jiƙu. Kullum da safe sai ya zo ya ɗan taɓa shi da hannu, gaba kaɗan, baya kaɗan, har ranar da ya juya. Bayan nan ne aka buɗe kan injin, aka goge bawul, aka sauya zobba da gaskit.

A nan aka yi muhawarar da ta kusa raba kanmu. Wasu sun ce a cire wannan injin gaba ɗaya, a dasa na dizal na zamani, ga sauƙin mai ga sauƙin kayan gyara. Maganarsu ba shirme ba ce, kowa ya san kuɗin fetur yanzu, kuma wannan injin ba ya wasa da shansa. Amma ni ina cikin waɗanda suka ƙi, kuma har gobe ina nan kan bakana. Mota mai jan fenti da baƙon inji a cikinta, kowa zai iya haɗawa. Abin da muke so yaranmu su gani shi ne yadda aka yi aikin a wancan zamani, da kafireta, da kwantak, da dinamo, su ji ƙarar da kakanninsu suka ji. Ina gode wa waɗanda ra'ayinsu bai yi rinjaye ba amma ba su janye hannunsu ko aljihunsu ba.

Wani abin da samarin gareji suka koya shi ne cewa notocin motar nan na ma'aunin inci ne, ba milimita ba. Sifanar da suka saba da ita a motocin Japan sai ta riƙa sulɓewa tana cinye kan noti. Baba bakanike ya buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe ya fito da nasa sifanun da ya yi aiki da su tun yana yaron gareji, ya ce kowace a dawo masa da ita kafin magariba. Haka kuma ya daidaita kafireta da kunne, yana bayanin cewa Jos na kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba, don haka injin da aka saita don ƙasa yakan sha mai fiye da kima a nan, ya yi baƙin hayaƙi, filogi ya yi kunkunniya.

Mai wayarin ya zare tsofaffin wayoyin da ɓeraye suka ci, ya ja sababbi bisa zanen littafin, ya gyara dinamo maimakon ya jefar. Mai gyaran lagireto ya warware shi ya wanke ya like da dalma. Birki kuwa ba a yi masa kwaskwarima ba, an sauya bututu da robobi duka, saboda man birki na jan danshi, in ya daɗe sai ya cinye silinda daga ciki. Robobin ba su samuwa a nan, kamfanin ya daina ƙera manyan motoci tun kafin 1990. Wani ɗan uwanmu da ke Ingila ya nemo su wajen masu tara tsofaffin motoci ya aiko. Sauran ƙananan kaya, wani ɗan kasuwa Igbo a Dilimi ya shiga can ƙuryar shagonsa ya tono mana, wasu har da kwalinsu na asali, ya ce mu biya yadda muka iya. Oga, Allah ya sa albarka a kasuwa.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne famfon, kuma shi ne ya mai da ita motar kwana-kwana, in babu shi ai babbar mota ce kawai. Ƙarfinsa daga giyar motar yake samu: ana tsayar da mota, a ja wani hannu, sai injin ya koma juya famfo maimakon taya. A cikinsa akwai fanka ta tagulla mai wulwula ruwa tana tura shi waje da ƙarfi. Matsalar irin wannan famfo ita ce ba ya iya zuƙar iska. Sai an fara fitar da iskar da ke cikinsa da ta cikin mesa da wani ƙaramin abin zuƙa, sannan nauyin iskar waje ya turo ruwan sama. In akwai 'yar kafa ko ta bakin allura ce, an tashi a banza, kamar mai shan zoɓo da tsinken da ya huje. Namu kuwa ko'ina yoyo yake. Wani tsohon ma'aikacin kwana-kwana da ya yi ritaya ne ya zo ya zauna da mu, ya nuna mana inda ake cusa igiyar toshiya a wuyan sandar famfo, da yadda ake ɗaure ta daidai: in ta yi sako-sako iska ta shiga, in ta yi tsauri ta ƙone, ana so ta riƙa ɗan ɗiga kaɗan. Sandar kanta ta cinye, mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar mana da sabuwa. Da muka kai ta gwaji wani tafkin da haƙar kuza ta bari, dattijon nan ya sa aka matso da motar dab da bakin ruwa. Ya ce ko a gaɓar teku da ƙyar irin wannan famfo ke ɗaga ruwa mita 7 zuwa 8, a tudun Jos kuwa bai kai haka ba. Ranka ya daɗe, da ba ka zo ba da har yanzu muna zargin fankar da ba ta da laifi.

A cikin akwatin gefe mun tarar da ƙaramin famfon ɗauka da hannu ƙirar Coventry Climax, wanda mutum biyu ke iya ɗagawa. Masu sha'awar mota za su so jin cewa irin wannan injin, saboda rashin nauyinsa, daga baya aka riƙa sa shi a motocin tsere a Ingila. Namu dai bai tashi ba tukuna.

Akwatunan kayan aiki firam ɗinsu na katako ne aka lulluɓe da alminiyom, gara ta gama da shi. Kafinta daga kasuwar Katako ya auna ya sake su da maɗaci. Mai walda ya yi fama da tankin ruwa, mai bugun bodi da mai fenti suka yi nasu, kuma kun ga sakamakon. Matan unguwa da suka riƙa aiko da kunu da masa gareji, da matasan da suka yi ta gurzar tsatsa da samfefa kyauta, Musulmi da Kirista, har da waɗanda suka zo daga Farin Gada da Angwan Rogo da Rayfield, Allah ya yi muku albarka. Haka masu ba da kuɗi, daga mai dubu ɗaya har mai yawa. Lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe yana wurin ma'ajinmu, duk mai son gani ƙofa a buɗe take.

Godiya ta musamman ga jami'an kwana-kwana da suka zo taron da kakinsu, suka koya wa yara abin yi in tukunyar gas ta kama, da dalilin da ya sa ba a zuba ruwa a wutar mai ko ta lantarki. Garin da ya ga yadda babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan gobara, balle yanzu da hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, ana kwana da gawayi a ɗaki.

A kan haka zan ja hankali, domin tun ranar Asabar mutum biyu sun nemi lambata wai ko da ta-kwana. Don Allah kada a dogara da mu. Wannan mota ta tarihi ce da koyarwa, ba ta da gudu, ba mu da horo, kuma da sitiyarin dama ba za mu riƙa hawa titi da ita ba, ko taron ma a kan tirela aka kai ta. In gobara ta tashi a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112.

Gyara ya ƙare, riƙo ya rage, kuma shi ne mai wuyar. Baba bakanike ya rubuta mana ƙa'ida a jikin bangon gareji: a tayar da injin duk mako har ya yi zafi sosai, a motsa motar don kada birki ya kama kuma taya ta kwanta gefe guda, a juya famfo da ruwa duk wata sannan a tsiyaye shi tas, kada a bar fetur ya tsufa a tanki, a cire kan batir in za a rufe. Samari uku daga cikin yaransa sun ɗauki wannan nauyi, kuma ya ce sai sun iya saita kwantak ba tare da ya tsaya a kansu ba zai ba su makulli.

Abubuwa biyu muke nema har yanzu: ƙararrawar tagulla da ke gaban motar, wadda aka cire tun da daɗewa, da kuma tsofaffin hotunanta lokacin tana aiki. Duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi aikin kuza a Bukuru ko Barikin Ladi, a taimaka a duba cikin akwatunan gida. Makarantar da ke son kawo ɗalibai kuma ta yi mini magana ta akwatin saƙo, ranar Asabar da safe muke buɗewa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya tsare mu da gobara. Amin.