Saƙon Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini Bayan Aikin Rage Tumbi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam. Na daɗe ina son rubuta wannan saƙo, amma duk lokacin da na ɗauki waya sai gajiya ta rinjaye ni, ga saƙonninku kuma sun taru har na rasa wanda zan fara amsawa. A makon jiya likita ya duba sakamakon gwajin jinina, ya ce in ajiye allurar ciwon sukari, ya rage mini maganin hawan jini, ya kuma yarda in koma bakin aiki. Shi ya sa na ga jinkirin ya isa haka.

Ba zan maimaita labarin tafiya Alƙahira ta ƙasar Misra, inda aka yi mini aikin rage tumbi ba, domin kun bi shi tun daga neman biza har ranar da muka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, ana riƙe da ni ina takawa da ƙyar. Aikin kansa bai kai awa biyu ba. Ta wasu ƙananan huji a ciki aka yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin aka fitar, aka bar wani siriri mai siffar ayaba. Abin da yawancinku ba ku gani ba shi ne zaman da ya biyo baya a cikin gida, a Unguwar Dosa, inda babu likita a kusa, sai takardar ƙa'idoji da aka sallame ni da ita. Makonni biyu na farko ruwa-ruwa zalla, sannan abin da aka niƙa ya yi laushi, sannan mai taushi, kafin a zo ga abincin kowa da kowa. An ce in sha ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, amma kurɓi-kurɓi, kuma kada in haɗa shi da abinci sai an ba da tazarar rabin awa. An kuma gargaɗe ni cewa ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, saboda haka idan na tsaya jiran jikina ya nemi abinci zan iya wuni ban sa komai a baki ba.

A al'adarmu ba a saba mace ta fito bainar jama'a tana yabon abokiyar zamanta ba, kuma na san ita kanta ba za ta so hakan ba. Duk da haka da ita zan fara. Maman Biyu, Allah ne kaɗai zai iya biyanki.

Lokacin zafin bazara ne, an ɗauke wuta tun la'asar, maigida kuma ya tafi Zariya ta'aziyya zai kwana. Yinin ranar duk abin da na kurɓa sai ya dawo, bakina ya bushe, fitsari ya yi duhu, bayan sallar isha'i kuma na fara jin zuciyata tana dukan ƙirji kamar za ta fito. A takardar sallama an rubuta cewa idan bugun zuciya ya wuce 120 a minti ɗaya, ko zazzaɓi ya taso, ko aka ji ciwo a kafaɗar hagu, to a garzaya asibiti, domin yana iya zama ɗinkin tumbin ne ya buɗe yana tsiyaya, kuma shi ne abin da aka fi tsoro a makonnin farko. Maman Biyu ta ɗaura mini na'urar auna hawan jini a hasken tocilan, ta dubi lambar, ta kife na'urar a kan katifa ba ta bari na gani ba. Ta ce, "Yaya, tashi mu je a duba ki kawai, don hankalinmu ya kwanta." Muryarta ba ta nuna komai ba, amma na ga yadda hannunta ke rawa tana ɗaura mini ɗankwali, har sai da ta kwance ta sake. Ta bar 'yan biyunta suna barci, ta fita cikin duhu ta buga ƙofar Alhajin da gidansa ke kallon namu, dattijon da ya daina tuƙin dare saboda idanunsa, ya fito da mota ko tambaya bai yi ba.

A kan titin Ali Akilu na fara yi mata wasiyya. Na faɗa mata bashin da ake bina da wanda nake bi, da inda takardun makarantar yara suke. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ki bar wannan magana, ki yi ta salati. Ke za ki aurar da su da hannunki, in sha Allahu." Matashin likitan da muka tarar yana aikin dare ya karanta takarduna a tsanake, ya kira likitan da ya yi mini aikin ta WhatsApp, suka yi magana, aka ɗauki hoton ciki, aka tabbatar ɗinki lafiya lau yake, ruwan jikina ne ya ƙare. Aka ɗaura mini ƙarin ruwa. Ban san sunan wannan likita ba har yau, amma ina sa shi a addu'a, shi da iyayen da suka yi masa tarbiyya.

Daga wannan dare Maman Biyu ta mai da shan ruwana aikinta. Ta wanke ɗan kofin nan na auna maganin yara, ta saita ƙararrawa a wayarta duk bayan minti goma sha biyar, ta samo tsohon littafin rubutu na yara tana jan layi duk lokacin da na shanye. Ko tana tsakiyar tuƙa tuwo ne, da ƙararrawar ta buga sai ta sauke muciya ta taho. Wani lokaci in kawar da kai, in yi mata faɗa, ta tsaya da kofin a hannu tana jira har in karɓa. Romon kaza kuwa sai ta bari ya huce, ta kwashe man da ya taru a sama da cokali, ta tace da rariya, ta sake tacewa da farin ƙyalle. Wannan hidima ba wajibi ba ce a kanta, kuma da ta ƙi babu mai zarginta. Allah ya raya miki zuriya, ya sa su yi miki fiye da abin da kika yi mini, ya haɗa mu a gida ɗaya a Aljanna kamar yadda ya haɗa mu a nan.

Ina godiya ga malamar asibiti mai ba da shawara kan abinci, wadda wata ƙawata ta haɗa ni da ita. Jerin abincin da na taho da shi daga Misra cike yake da abubuwan da ko a babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ba lallai a same su ba, balle a kasuwar Kawo. Ita ta zauna ta mayar da shi na gida: kindirmo ba sukari, dafaffen ƙwai, tarwaɗa da aka dafa aka cire ƙaya, alale mai ɗan mai kaɗan, faten wake da aka surfe, da awara dafaffiya a cikin miya maimakon soyayya. Ta nuna mini cewa ana so in samu aƙalla gram 60 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a yini don kada naman jikina ya narke tare da kitsen, alhali ƙwai guda bai wuce gram 6 ba, ni kuma a lokacin rabin ƙwai ke cika ni. Ta ce in riƙa fara cin nama ko kifi ko wake, sannan ganye irin su zogale, tuwo kuma ya zo ƙarshe idan wuri ya rage, kuma yawanci ba ya ragewa. Shinkafa da burodi da taliya har yanzu tsaya mini suke yi a ƙirji. Lemon kwalba na yi ban kwana da shi, haka ma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da muke saye a kemis ba tare da tunani ba, domin suna iya jawo gyambon ciki. Bitamin B12 da maganin ƙarin jini da kalsiyam kuwa an ce har ƙarshen rayuwa.

Wahalar da ban yi tsammani ba ita ce ta zama cikin mutane. Mu a wurinmu da abinci ake nuna ƙauna, wanda ya ƙi cin abincinka kuma kamar ya raina ka ne. Goggona ta taso daga Tudun Wada da kular tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zuba man shanu har yana iyo, na lasa miyar sau biyu na ajiye cokali, sai ta fashe da kuka tana cewa an kashe mata 'ya da ranta. Sai da aka zaunar da ita aka yi mata bayani dalla-dalla. Yau Goggo ce mai tare mini faɗa a gidan buki. Duk wadda ta matso da faranti tana cewa in daure in ƙara ko loma ɗaya ce, Goggo za ta ce, "Ku ƙyale mini 'ya, ta ƙoshi, ni na sani." Mace mai shekarunta ta sauya abin da ta tashi a kai saboda ni, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Goggo.

Akwai kuma waɗanda muka fito ciki ɗaya da su, tsakanin gidansu da nawa bai wuce kuɗin Keke Napep ba, waɗanda har yau ban ga ƙeyarsu ba. Na yi musu uzuri da hidimar rayuwa, ko da yake na ji labarin ramata ya isa gare su, har an samo mata dalili iri-iri, wasu na cewa zaman gidan ne ba daɗi, wasu na raɗa abin da ya fi haka muni. Ba na riƙe kowa a zuciya. Ƙofa a buɗe take.

Ba a san uwa da yabon 'yar fari ba, ni ma ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma ita ta baro karatunta ta raka ni Misra, ita ta riƙa tayar da ni muna zagaya barandar asibiti tun ranar da aka yi aikin domin kada jini ya daskare a ƙafafuna, ita ta koyi yi mini allurar tsinka jini a fatar ciki duk da tsoron allura da take da shi. Da gashina ya fara zuba bayan wata uku, abin da likita ya ce yana faruwa kuma yana wucewa, ita ke taje mini kai ta ɓoye abin da ya fita a tafin hannunta don kada in gani. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji nagari da 'ya'ya masu jin ƙai.

Maigida ya sayar da filin da ya daɗe yana ajiya a Rigachikun, a lokacin da kowa ya san yadda naira ta faɗi tun 2023, bai kuma taɓa goranta mini ba. 'Yan adashinmu na wurin aiki suka haɗa baki suka ba ni kwasar da ba tawa ba ce, wadda ke da zagayen kuwa tana shirin kayan ɗakin 'yarta, ta ce lafiya ce gaba. Abokan aikina suka raba azuzuwana a tsakaninsu. Limamin unguwarmu, da na aika masa tambaya cikin damuwa saboda likita ya hana ni azumin bana, ya aiko mini da aya ta 185 a Suratul Baƙara, inda Allah ya ce yana nufin sauƙi gare mu, ba ya nufin tsanani, ya ce in jira izinin likita in rama a hankali, kada in jefa kaina cikin halaka. Wannan amsa ta sauke mini nauyi mai yawa, domin zama da kofin ruwa a hannu alhali duk gida ana azumi abu ne mai ciwo.

Shekaru ina salla a kan kujera saboda gwiwoyina. A watan jiya na kai goshina ƙasa a sallar asuba, na kuma tashi da kaina ba tare da na dafa bango ba. Na daɗe a wannan sujada, kuma duk wanda na ambata a nan da wanda ban ambata ba yana cikinta. Ya Allah, wanda ya ba da kuɗinsa, ka ninka masa da halal. Wanda ya tako da ƙafarsa, ka tabbatar da ita a kan siraɗi. Wanda ya yi mini addu'a a ɓoye, ka biya masa buƙatunsa na fili da na ɓoye. Ka jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ka haskaka kabarinsu. Marasa lafiyarmu da ke kwance a gida da asibiti, ka ba su lafiya mai ɗorewa, ka sa ciwon ya zama kaffara, ka hore wa masu jinyarsu haƙuri da abin hannu. Ka zaunar da Kaduna da ƙasarmu baki ɗaya lafiya. Amin summa amin.

Masu turo mini tambaya a kan aikin, zan amsa muku ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da na gani, amma hukuncin ko ya dace da mutum na likita ne bayan gwaje-gwaje, kuma wanda zai yi ya fara tanadar mai kula da shi a gida da likitan da zai riƙa bibiyarsa a nan kafin ya sayi tikitin jirgi. Masu niyyar aiko mini da naman Salla, na gode, a ba yara su ci, ni tsoka ɗaya da ta dahu luguf ta ishe ni. Kuloli da filas ɗin da aka kawo mana abinci a ciki kuma suna nan a wanke, wasu mun rasa masu su, don Allah wanda ya san nasa ya aiko a karɓa.

Wassalamu alaikum.