Abin da na koya daga shirin "Dazed and Confused"

Ƙarshen watan nan zan bar sashen shirye-shirye na tasharmu, don haka bari in amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Masu bin shirinmu na tsofaffin waƙoƙin Turawa za su tuna daren da muka kawo tarihin waƙar "Dazed and Confused", wadda ke cikin faifan farko na Led Zeppelin, ƙungiyar makaɗan Birtaniya, da ya fito a Janairun 1969. Ni na yi binciken tun daga tushe. Asalin waƙar ta Jake Holmes ce, wani mawaƙin Amurka da ya saka ta a faifansa na 1967. A watan Agustan shekarar ya buɗe wa ƙungiyar makaɗa ta Yardbirds wasa a birnin New York, lokacin Jimmy Page ne makaɗin jitarsu. Suka ji ta, ta shiga ransu, suka riƙa yin ta a wasanninsu. Da Page ya kafa Led Zeppelin sai ya sauya mata baitoci, ya ƙara mata nauyi, yana goga jita da sandar goge har sautin ya riƙa kuka. Gwaninta kam ba mai musunta masa. Amma a jikin faifan sunansa kaɗai aka buga. Holmes ya aika wasiƙa, shiru. Sai a 2010 ya kai ƙara, aka sasanta a bayan fage, sannan aka fara ambaton sunansa. Sama da shekara 40 ke nan.

Oga ya karɓi rubutun nan, ya karanta shi a iska kalma bayan kalma, ya ce shi ya tono labarin. Wayoyi suka yi ta shigowa ana yaba masa. Washegari na same shi a ofis, ya ɗago kai ya ce, "Haba ƙanena, ai aikin tasha ne, duk namu ne." Da lokacin ƙarin girma ya zo, cikin ayyukansa aka lissafa shirin. Har yau abin na ci mini rai, domin bakin da ya ba da labarin zaluncin da aka yi wa Holmes shi ne ya maimaita shi a kaina.

Tun ranar, kowane rubutu nawa yana fita da sunana da kwanan wata, kuma mutum biyu nake tura wa ta imel, ba ɗaya ba.

Ga masu tasowa, sauran kaɗan ne. Ku riƙe kwafin kowane shiri a wajenku. Ku mutunta injiniyoyi, su ke fitar da ku kunya idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar shiri.